Wa ya taɓa sa wa Hilux manyan tayoyin shiga daji? Ku ba ni labari kafin in saya

Baban Khalifa, Haɗeja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux ta 2017, mai shan fetur, inji 2.7, giyar hannu. Tayar da ta zo da ita 265/65R17 ce, kuma duk huɗun sun kusa suɗewa. Gonar shinkafata tana cikin fadama, bara sau uku motar ta kafe mini, na ƙarshen sai da tarakta ta jawo ni. Na je Ƙofar Ruwa a Kano, wani yaro ya nuna mini 285/70R17 mai manyan haƙora, wadda aka rubuta wa A/T a jiki, wato ta kwalta da daji duka, ya ce in na sa ta na yi bankwana da kafewa. Ta shiga raina, ba zan ɓoye ba. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake son jin ta bakin wanda ya sa ya yi tafiya da ita, ba wanda ya ji an ce ba.

Alhaji na Dawanau

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, irin motarka ce da ni, kuma wannan lambar da ka faɗa ita na sa shekara biyu da suka wuce. Ranar farko kowa sai ya tsaya ya kalli motar. A ranar kuma na fara jin matsala: in na karya sitiyari har ƙarshe zan fita daga layi, tayar gaba sai ta riƙa gugar robar da ke bayanta. Bakanike ya cire robar, ya yanke wani ɓangare na bamba, duk da haka in na faɗa rami da kaya sai ta taɓa.

Abin da ya fi damuna ƙarfin motar. Ni buhuna nake ɗauka, riɗi da wake. Da can ina tashi da lodi ba tare da na matsa wa kuloci ba, bayan na sa tayar sai na riƙa jin ƙaurinsa a cunkoson Kurna. Giya ta biyar ta zama ta ado, ɗan hawa kaɗan sai na dawo ta huɗu. Mai kuwa, abin da ke kai ni Gumel in dawo, sai da na riƙa ƙarawa a hanya. Wata takwas na yi na sayar da su da asara. Inji 2.7 ba shi da ƙarfin jan wannan ƙafar tare da lodi, wannan shi ne abin da na gani.

Malamin Fasaha, Zariya

Abin da Alhaji ya gani lissafi ne ya haifar da shi. A 265/65R17, faɗin taya milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili kuma inci 17. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya wajen milimita 776 ne. 265/70R17 tana kai 803, ita kuwa 285/70R17 wajen 831. Ke nan babbar ta fi ta asali da kusan kashi 7 cikin ɗari, matsakaiciyar da kashi 3 da ɗan wani abu.

Wannan kashi 7 ɗin daga ƙarfin da ke isa ƙasa ake cire shi a kowace giya, kuma birki ma haka yake rasa nasa. Maleji zai rage faɗin gaskiya: inda da yake nuna 100, yanzu gudun ya ƙaru da wajen 7 alhali allurar tana nan. Kilomitan da yake ƙirgawa ma sun gaza na gaskiya, don haka lokacin juyen baƙin mai zai riƙa wuce ka ba ka sani ba. Me ka samu a madadin haka? Cikin motar ya ƙara nisa da ƙasa da rabin bambancin kawai, milimita 27, wato inci ɗaya da 'yan kai. Ni 265/70 na sa wa tawa, ba ta gugar komai.

Direban Sahara, Agadas

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Shekara goma sha ina bin rairayi. Ku dubi Land Cruiser da ke shiga hamadar Tenere, da yawansu 7.50R16 ce a ƙafarsu, siririya doguwa. A rairayi iska ce magana, ba faɗi ba. In mun bar godoro, wato kwalta, muna sauke iska zuwa kilo 1.2, wajen 17 ke nan a ma'aunin PSI, wani lokaci ƙasa da haka in rana ta yi zafi rairayi ya yi laushi. Tayar sai ta kwanta ta yi tsawo a ƙasa, mota ta yi ta shawagi. Manyan haƙora tona rami suke, in ka taka wuta sai ka binne kanka har ciki. Na taɓa sa mai faɗi a Hilux ɗina ta gazuwal, ban ga abin da ta ƙara mini ba sai nauyin sitiyari. Amma kada ka hau kwalta da wannan iskar ka yi gudu, tayar za ta ɗau zafi ta fashe. Ka sayi famfo ka ajiye a mota.

Ɗan Gembu

Ni zan yabi tayar, amma da sharaɗi. Hanyoyin ƙauyukanmu a Mambila duwatsu ne da jar laka, kuma tayar gida gefenta ne ke yagewa. Tun da na koma mai LT a gaban lambar, wadda jikinta ya fi kauri, ban sake yaga gefe ba, shekara uku ke nan. Wannan kaɗai ya biya ni.

Sharaɗin shi ne birki. Wata rana ina gangarowa daga Maisamari zuwa Mayo Selbe da buhunan masara, na dogara da birki kamar yadda na saba. Kafin in kai rabi ƙafata ta fara nutsewa, wari ya cika motar. Allah ne ya sa akwai inda zan raɓa in tsaya. Na zauna a bakin hanya jikina yana rawa. Na ɗora tsohuwar taya da sabuwar a sikelin buhu daga baya, bambancin ya kusa kilo takwas a kowace ƙafa, kuma nauyi ne mai juyawa wanda birki zai tsayar. Yanzu da giya ta biyu nake saukowa, kuma boris ɗin gaba na canza shi da wuri fiye da da.

Baba Mai Faci, Fanteka

Yarana, ku bari in sa baki, aikina ke nan tun kafin a fara tubles. Duk wadda za ka saya, duba gefenta wajen da aka rubuta DOT, lamba huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Irin waɗannan manyan da ake kawowa na hannu, haƙoran suna nan kamar sababbi amma robar ta bushe. Na cire wa mutane da yawa.

Sannan 80 PSI ɗin da kuke gani a jikin mai kauri iyakar iskar da take ɗauka ce, ba ita ake busawa ba. Wasu yara sai su cika ta har 60 a mota ba kaya, direba ya yi ta tsalle, tsakiyar taya ta cinye. Fara da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ka ɗan ƙara kaɗan don LT ce. Kuma biyar za ka saya, ba huɗu ba. Ka sa 4x4 da safaya ƙarama a ƙafa ɗaya, ka jawo wa giyarka aiki. A gwada safayar a mazauninta na ƙarƙashin bodi kafin ka biya.

Maman Sadiƙ, Nguru

Baban Khalifa, ba wanda ya taɓa maganar fadamarka. Mu ma nan ita muke shiga da motar gidanmu, A/T ce a ƙafarta. A burji da ƙaya ta yi mana rana sosai, faci ya ragu. Amma baƙar lakar nan mai danƙo tana cike haƙoran cikin juyi biyu, tayar ta koma sumul kamar ba zane. Mun kafe da ita a watan Agusta, manoma ne suka sa mana ciyawa da itace. Maigidan ya ce mai M/T, wadda aka yi don laka, ita ce ke watsar da ita, sai dai ƙararta a kwalta ba ta barin a yi hira. Wannan ɗin ma tana kuka in gudu ya wuce 80, yara sun saba.

Baban Khalifa, Haɗeja

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na daɗe ban dawo ba don ina son in gwada tukuna. Na sayi 265/70R17 A/T guda biyar, na bara, Baba na duba lambar da idona. An yi balansin da saitin ƙafa. Ba ta gugar ko'ina, safayar ta shiga wurinta da ƙyar. Motar ta ɗan yi nauyin tashi, mai ya ɗan ƙaru, amma ba irin na Alhaji ba.

Jiya aka yi ruwa na shiga gona. Na sauke iska zuwa 22, na sa 4x4 tun kafin in isa wurin, na wuce inda na kafe bara sau biyu. Wuri na uku, bakin kwalbatin da tarakta ta jawo ni, na tsaya na duba, na tuna maganar Maman Sadiƙ, na ajiye motar na ƙarasa da ƙafa. Alhaji, da ka koma ta asali, kulocin ka canza ko ya ci gaba da aiki?