Rediyon motata ta ƙi wuce 90: wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan da na sayi mota 'yar hannu, komai lafiya sai rediyo. Tashoshin FM biyu kacal take kamawa, kuma da lamba ta kai 90 sai ta koma 76. Kafin in cire ta in sa wata, ina son jin abin da ya faru da ku.

Mai wayarin: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka cire, lafiyarta ƙalau. Don kasuwar Japan aka ƙera motarka, can kuwa tsofaffin rediyoyin mota daga 76 zuwa 90 suke kamawa, alhali yawancin duniya tsakanin 87.5 da 108 ake watsa FM. Ka ga ɗan abin da ke tsakanin 87.5 da 90 ne kawai rabonka. Akwai wani ɗan akwati da muke sa wa tsakanin eriya da rediyo, yana sauko da sauran tashoshin. Illarsa ɗaya: lambar da za ka gani a fuskar rediyon ba ita ce ta gaskiya ba.

Malamar makaranta: Tawa daga Amurka ta zo, nata ciwon daban. Tsalle take yi: 88.1, 88.3, 88.5. Duk tashar da ke kan lamba irin 92.0 ko 96.4 sai dai in tsaya kusa da ita in ji tana shuuu. Na yi shekara ina zagin eriya, ashe ba ruwanta.

Direban dare: Ni shekara 19 ina kan hanya, AM ce abokiyar tafiyata. Da rana tashar da ke nesa ko motsinta ba ka ji, amma rana na faɗuwa sai ga ta tar, har da na wasu ƙasashe, domin da dare siginar kan bugi saman sararin samaniya ta dawo ƙasa. FM ba ta da wannan. Ita kusan sai inda hasumiyar tashar ke hango ka. Ka bi bayan tsauni ko ka shiga tsakanin dogayen gine-gine, ta fara yankewa. Wani sa'in a danja take shaƙewa, in na gusa taku biyu ta washe. AM kuma ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba ta jiyuwa, sai ƙugi.

Hajiya mai jigilar yara: Ku duba cajar waya! Na sayi wata mai araha, ina sa ta rediyo ta dagule, ina zarewa ta dawo daidai. Sannan akwai ranar da sauti ya ɓace gaba ɗaya a gaba, har na nufi gareji. Ashe autana ne ya murɗa maɓallin da ke raba sauti tsakanin gaba da baya, ya mayar da komai sifikun baya.

Mai wayarin: Hajiya, irin wannan sau nawa! Wasu ma balans, mai raba sauti tsakanin hagu da dama, ne ya karkata gefe guda, su ce sifika ta ƙone. Wanda ke jin wani siririn fito da ke ƙaruwa in ya taka totur, wannan daga altaneta ne, ko wayar as, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ta saki. Masu eriya a jikin gilashin baya kuma, tinti mai ƙarfe-ƙarfe na rage mata ƙarfi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na leƙa, har rubutun Japananci ne a kan maɓallan, ban taɓa kula ba. Maigida mai wayarin, akwatin nan in an sa, ta yaya zan gane lambar da tashata ta koma?