Wace kalma za mu ba folkelivsbillede?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Kalmar Danmak ce ta tsaya mini: folkelivsbillede. Folk mutane ne, liv rayuwa, billede hoto. Da ita ake kiran zane irin wanda ke nuna masuntan Skagen, garin da ke can ƙuryar arewacin ƙasar, inda Martinus Rørbye ya je zane a 1833, mai zane Michael Ancher kuma ya sauka a 1874. Na sa "zanen al'ada". Ya zauna?

Malamar zane: Wa alaikumus salam. Bai zauna ba, Malam. Bahaushe ya ji al'ada, hankalinsa ya tafi biki da hawan salla. Su kuwa waɗannan, aiki suke nunawa: ɗinkin koma, jan jirgi zuwa tudu, mata na gyaran kifi, jama'a tsaye a gaɓa suna duban teku ranar da iska ta tashi. "Zanen talakawa" ma na ƙi shi, sai a ɗauka talakawan ne suka zana. Ina ganin "zanen rayuwar jama'a".

Mai zanen gawayi: Na bi bayan Hajiya, amma a lura, aikin mataki-mataki ne, kada suna ɗaya ya haɗiye su. Na farko ana yinsa a bakin ruwa da fensir ko gawayi cikin 'yan mintoci, tsayuwar jiki kawai ake kamawa. Gawayi ba ya kama takarda sosai, hannu na gogarsa ya dame, shi ya sa ake fesa masa shalak, wani irin ƙaro, da aka narkar a sifirit, sama-sama, daga nesa. In an matso kusa takardar ta jiƙe, layin ya zubo. Sannan a zaunar da masunci a zana kansa da hannuwansa daban. Daga baya a ja layukan murabba'i a kan ƙaramin zanen, a kwafe gida-gida zuwa babban ƙyalle. Na farkon nan shi ne skitse a harshen Danmak, ni "daftarin zane" nake ce masa. Ban da "zayyana", wannan ta adon allo ce.

Mai fassara: To, masuntan Ancher fa an san su da suna, kamar Lars Kruse. Ba zanen siffar mutum ba ke nan?

Malamar zane: A duba abin da zanen ya sa a gaba. In fuskar ce, siffar mutum ne. In jan jirgin ne, ko da an gane kowa a ciki, zanen rayuwar jama'a ne. Na Skagen sai ka taƙaita ka ce "zanen rayuwar masunta".

Mai fassara: Na gode, Allah ya ƙara basira. Na gyara, na kuma ɗauki daftarin zane.