Muhawara: Duk inda maganaɗisu bai kama ba, foti ne?

Mai Fenti: Assalamu alaikum. Magana ce a kan manyan motocin Amurka masu ƙarfin inji na 1964 zuwa 1972, irin su Pontiac GTO, Chevelle SS, Dodge Charger da Mustang. Ni a ganina gane asalin bodinsu ba ya buƙatar dogon bincike. Ka bi jikin motar da maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa foti ne, an taɓa buge ta aka cike. A kankare wurin har a ga ƙarfe, a daidaita, a fesa. Wa ke da ja?

Baban Gareji: Wa'alaikumus salam. Ina da ja, Malam, kuma babba. Ɗora maganaɗisun a inda rufi ya haɗu da bangon baya, gefen gilashin baya. A yawancin motocin nan zai yi sanyi ko ya faɗo, alhali ba a taɓa buge wurin ba. Kamfani ne ya haɗa ƙarfen biyu da walda, sannan ya cike kwarin da dalma, wajen kashi 70 dalma, 30 kuza, aka goge da magagari. Dalma ba ta jan maganaɗisu. Wanda ya bi ƙa'idarka zai tone aikin kamfani da hannunsa. In kuma da injin gurza ya bi ta, ya shaƙi ƙurar dalma, wadda guba ce.

Mai Fenti: To Baba, na'urar auna kaurin fenti fa? Ita ai lamba take bayarwa.

Baban Gareji: Ita ma tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe take aunawa. Fentin asali kan nuna wajen maikiron 100 zuwa 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), wanda aka maimaita 250 zuwa sama, foti ya haura 500. A kan dalma ma lambar tashi take yi. Abin da zai raba maka su shi ne wuri da siffa. Dalmar kamfani tana bin layin haɗi, kuma tana nan dama da hagu kusan iri ɗaya. Foti kuwa yana tsakiyar ƙofa ko madigadi, gefe guda. In ka ɗan karce wurin da wuƙa, dalma na fitar da ƙyalli kamar azurfa, foti na fitar da gari.

Mai Walda: Ku bar fuskar mota, ku leƙa bayanta. A cire fuskar ƙofa ta ciki, a ɗaga shimfiɗar but, a haska tocila. Masu gyaran wancan zamani sukan huda jeren ƙananan ramuka su ja lotsawa da guduma mai zamewa, sai fotin ya ɓullo ta baya ya bushe a dunƙule. Wannan shaida ce da ba a musu a kanta.

Sai walda. Ta kamfani ɗigo-ɗigo ce ta lantarki, zagaye, faɗin milimita 6 zuwa 8, tsakiyarta ta ɗan lotsa. Tazararsu ba daidai take ba, domin a wancan zamani mutum ne ke riƙe da bindigar waldar yayin da layi ke tafiya, wani ɗigon ma a bakin ƙarfe yake faɗawa. Don haka rashin tsari a nan alamar asali ce. In ka ga an huda an cike an goge sumul, ko doguwar walda a inda ya kamata a ga ɗigo, an canza ƙarfen.

Mai Fenti: Na karɓi maganar dalma. Amma fa kada mu mai da kowane aibi abin tarihi. Ƙofa ta sauka, tazara ta buɗe, launin madigadi ya saɓa da na ƙofa, shi ma sai a ce kamfani ne?

Injiniya: Wani daga ciki kamfani ne, Oga. Ɗauki Chevrolet Camaro da aka haɗa a masana'antar Norwood ta jihar Ohio. A lokacin, sashen Fisher Body na kamfanin General Motors (GM) ne ke ƙera gangar jiki daga bangon inji zuwa baya ya fesa ta, sashen Chevrolet kuma ya fesa bonet da madigadan gaba daban. Ɗan bambancin launi a tsakaninsu, musamman fenti mai ƙyalli, ba hujjar hatsari ba ne. Haka ƙananan ƙarafunan da ake cusawa a ƙarƙashin kusoshin madigadi don daidaita tazara: tun daga layi ake sa su, kuma adadin na dama ba lallai ya zo daidai da na hagu ba. A ƙirga su, a ɗaure na kowane wuri daban kafin a kwance.

Saukar ƙofa kuwa kana da gaskiya, sau da yawa tsufa ne. Buɗe ta kaɗan, ka kama ƙarshenta ka ɗaga. In ta yi wasa, bushin hinji ya cinye, kuma za ka ga gurzuwa a maƙalar kulle. A canza fin da bushi tukun. Wanda ya fara goge bakin ƙofa ko ƙara masa walda kafin wannan, ya ɓata ƙofa lafiyayya.

Mai Walda: Akwai wanda ya fi wannan tsada. Mustang samfurin Boss 429 ta 1969 da 1970, Ford kai su ta yi wurin kamfanin Kar Kraft a Brighton ta Michigan, aka sake fasalin mazaunin shokozoba don injin ya shiga, aka naɗe leɓen madigadan gaba don faffaɗar taya, aka mai da batir but. Aikin hannu ne, bai da kyan gani. Wanda bai sani ba zai ce wani makanike ne ya yi ɓarna, ya yanke ya sa na Mustang gama-gari. Plymouth Superbird ta 1970 ma kowacce da rufin leda ta fito, saboda a ɓoye haɗin ƙarfen da aka dasa wa gilashin baya. Ka yaye ledar ka ga ɗinki mai kaushi, na kamfani ne.

Mai Fenti: To a fenti ma bari in faɗi nawa, don nan ne ba na sassauci. Ana fesa mota ne kafin a sa roba, gilashi da kayan ado. Fenti a kan robar ƙofa, a kan wayoyi, ko layin tef a bakin gilashi, daga baya aka yi shi. Amma feshin da ya ratsa ƙarƙashin bodi ya dushe a hankali zuwa tsakiya, na asali ne, kada a shafe shi da baƙi. A motocin nan, ɗakin inji na Dodge da Plymouth, wato motocin Chrysler, launin jiki ne, na Ford da GM baƙi. Fentin Ford da Chrysler yakan fito da ɗan gargada, wanda ya goge shi ya zama madubi ya wuce abin da kamfani ya yi.

Baban Gareji: Madalla. Saura tattarewar ƙarfe a kasan but da ramin taya. Wadda injin matsa ƙarfe ya bari santsi gare ta, fenti ya kwanta a kanta lafiya, kuma za ka same ta a wata motar ta shekara ɗaya da masana'anta ɗaya. Ta hatsari kaifi gare ta, fentin ya tsage, tsatsa ta bi tsagar.

Injiniya: Amma Baba, ba kowace dalma ake bari ba. In fenti ya kumbura a kan layin haɗin rufi, ruwan asid ɗin da aka yi aikin da shi ne ya rage a ƙasa yana cin ƙarfe. In kuma tsaga ce ta bi layin, bodin ne ke murɗawa, sai a duba ƙasan motar da ginshiƙanta. A nan dole a narkar da ita da wuta kaɗan-kaɗan, a share, a kashe asid ɗin, a sake zuba sabuwa.

Mai Fenti: A wannan halin ni foti mai zaren gilashi zan sa a kan cikakkiyar walda. Ba guba, ba zafin da zai lanƙwasa rufi.

Baban Gareji: Ga motar hawa, ban hana ka ba. Ga wadda za a kai gasar asali ko a sayar da sunan ba a taɓa ta ba, dalma za a mayar, a kuma ɗauki hoton wurin da ma'auni a gefe kafin wuta ta taɓa shi, har da lambobin kwanan wata da aka buga a jikin ƙarfen.