Hawan Tsaunin Shere da keke, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan_Gangare:
Salam 'yan uwa, don Allah tambaya gareni. Na sayi keken hawan dutse na gwanjo a kasuwar Katako ta Jos wata biyu da suka wuce, mai giya 21, tun lokacin kullum bayan asuba nake bin hanyar Lamingo in zagayo, kuma duk sanda na ɗaga kai naga duwatsun Shere ɗin nan sai inji raina ya biya. A Jos aka haifeni amma ban taɓa hawa ba, abin yana damuna wallahi, mutane na tasowa daga Abuja musamman saboda shi mu gashi a bayan gidanmu. Keke na kaiwa har sama ko dole sai da ƙafa? Wane wata yafi? Ƙanwata ma tace zata bini amma ita a ƙafa.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Keke zai kaika gindin dutsen, ka bi 'yan hanyoyin gonaki ka sha daɗinka, amma ƙololuwa kam a'a. Wurin da yafi tsawo ya kai mita 1,829, shi garin Jos yana wajen 1,200, to ka lissafa abinda ya rage. Can sama manyan duwatsu ne wani kan wani, akwai inda sai ka dafa da hannu biyu, akwai tsagin da sai ka cire jakar bayanka ka miƙa wa na gaba kafin ka ratsa, ina kaga wurin keke anan.

Ni da malaman makarantar Man O' War (ta horar da matasa) dake wajen na fara hawa, kuma har yau shawarata kenan, ka nemi wanda ya san hanya. Hawa ba shi bane wahalar, saukowa ce. Daga sama duk duwatsun kamarsu ɗaya, inda ka biyo da safe sai ya ɓace maka, ga gwiwa tana rawa. Lokaci kuma ni Nuwamba na zaɓa, ruwa ya ɗauke, ciyawa bata gama bushewa ba, gari garau kana hango dam da rufin kwanon Jos gaba ɗaya. Agusta kar ka soma, gansakuka ta kama dutse santsi kamar an zuba karkashi. Disamba da Janairu kuma sanyin Jos ka sanshi, ga hazo ya rufe komai, ka sha wahala ka hau baka ga komai ba.

MaiFaci_BauchiRoad:
Yallaɓai kafin komai a duba maka birki, na gwanjo yawanci robar ta cinye. Ka riƙe famfo da kayan faci da tub ɗaya sabo, ƙaya tayi yawa a hanyoyin gonakin nan. A gangara kar ka damƙe birkin gaba shi kaɗai, zai wurgaka ta kan kai. Kwalkwali dole.

Yar_Rikkos:
Ni sau biyu na hau da ƙafa, ka faɗa wa ƙanwarka zata iya in sha Allah. Kambas zata sa mai kama ƙasa banda silifas, doguwar riga ma tana harɗe ƙafa gara wando da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi. Ruwa gora biyu kowa, da dabino ko ƙuli.

Abinda nafi so in faɗa shine mutanen wurin. Ƙasar Afizere ce, gonakinsu ne ake ratsawa, ku tsaya ku gaisa, kar ku taka musu shuka da taya. Wata tsohuwa da muka gaisar tana sussukar acca ita ta nuna mana hanyar da tafi sauƙi, har ta haɗamu da jikanta ya rakamu. Kuma ku tambayi yanayin tsaro a satin da zaku je, ku sanar a gida, ku sauko kafin la'asar. Ledar ruwa da robobi ku dawo da abinku don Allah, abin na min ciwo in na gansu a tsagin dutse.

Ɗan_Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Nuwamba ɗin zamu jira. Baba in mun isa gindin dutsen a ina ake barin keke, makarantar suna yarda a ajiye a wajensu?