Neman kalma: me za mu kira "silaid" kafin Asabar?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ranar Asabar akwai bitar malaman firamare su arba'in a kan yadda ake haɗa darasi da Google Slides a haska shi da majigi. Takardar jagorar da Hausa take, kuma dole ta isa wurin mai buga takardu ranar Alhamis da yamma. Kalmomi huɗu suka tsaya mini: silaid guda ɗaya, wato kowane hoto ko rubutu da ake haskawa a lokaci ɗaya, da tarinsu gaba ɗaya wanda ake kira firezanteshan, da tamfilet, wato ƙirar silaid da aka riga aka tsara, da kuma rubutun nan na ƙasa wanda mai magana kaɗai ke gani. Na gwada "gabatarwa", sai kan babin farko ya fito "Gabatarwa a kan gabatar da gabatarwa". A taimaka don Allah.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Silaid ai shafi ne, Malama. Shafi na ɗaya, shafi na biyu. Kowa zai gane.

Tsohon Edita: Shafi ya yi nauyi da kaya. Shafin littafi, shafin intanet, shafin Facebook. A cikin jagorar nan taki za ki ce "ku buɗe shafin Google", layi biyu gaba ki ce "ku ƙara sabon shafi", malami ya je ya buɗe wani shafin a burauza. Gabatarwa kuma ki bar ta wa aikin da mutum ke yi in ya miƙe gaban jama'a. Abin da ke cikin kwamfuta yana bukatar sunansa daban.

Mai Gyaran Kwamfuta: Akwai wata illar shafi da ta fi wannan. Wanda aka ce wa shafi zai cika shi kamar shafin littafi: sakin layi uku, harafi mai girman 12, na bayan aji ba ya ganin komai. Silaid ɗin aji kanunsa girman 36 zuwa 40 ne, jikin rubutun kada ya gaza 24, layi biyar ko shida, magana ɗaya tak. Ni allo nake so. Allo kaɗan yake ɗauka, a wanke a sake rubutawa.

Malamar Kimiyya: Na yi tunanin allo, amma fuskar kwamfuta allo ce, farin ƙyallen da ake haskawa a kai allo ne, ga kuma baƙin allon aji a gefe. "Ku haska allo na uku a kan allo" ba za ta yiwu ba.

Ɗalibin Nahawu: Duk kuna zagaye ne. Ku koma tushen kalmar. Ma'anarta a Turanci zamewa, domin a da hoto ne a kan ɗan fim, cikin firam mai faɗin inci biyu, ana zura shi cikin majigi ya zame ciki, wani ya biyo. To Hausa na da aikatau "zame". Mu ƙera suna daga gare shi: zamau. Zamau na ɗaya, zamau na biyu. Gajere ne, ba ya karo da komai, kuma namu ne tsantsa, ba aron Larabci irin shafi da allo ba.

Tsohon Edita: Ɗana, wannan ƙirar ta "-au" hali take nunawa. Mantau mai yawan mantuwa, makarau mai yawan makara. Bahaushe ya ji zamau, mutum zai hango wanda kullum yake zame wa alkawari. Sannan mene ne jam'insa?

Ɗalibin Nahawu: To mazami, a kan ƙirar mabuɗi da madubi. Jam'i mazamai. Baba, matsalarmu ke nan, da an kawo sabuwar kalma sai a nemo mata aibi, amma a karɓi "silaid" hannu bibbiyu, alhali ko furta ta ba ma iyawa sai mun cusa wasali a tsakani.

Ɗan Maraɗi: Mazami abin da ake zamewa da shi ke nan, ba abin da ake nunawa ba. Kuma ku tuna ba duka Hausawa ke kallon abin ta tagar Turanci ba. Nan Nijar diyafo muke cewa, daga Faransanci, tarin kuma diyaforama, kuma babu zancen zamewa ko kaɗan a cikinsu. Idan kuka gina kalma a kan fassarar Turanci, ƴan Maraɗi da Damagaram ba su da igiyar da za su kama ta da ita. A duba abin da kansa, me yake yi, da me ya yi kama.

Hajiya Mai Fassara: Maganar Ɗan Maraɗi ita ce magana. Ku buɗe Google Slides ku dubi gefen hagu: ƙananan hotuna ne a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne da lambarsa. Kana iya kama na bakwai ka ja shi ya koma na biyu, ka cire ɗaya, ka kwafi ɗaya, sauran ba su taɓu ba. Shafin littafi ba ya yin haka, a ɗinke yake. Abin da ke yin haka shi ne falle. Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu na tsangaya ya san shi: ba a ɗinke shi, fallaye ne a jere tsakanin bango biyu cikin gafaka, a zare ɗaya a miƙa wa almajiri, a mayar da shi mazauninsa. Ina ba da shawarar falle, jam'i fallaye. Ku gwada a baki: "koma falle na uku", "ƙara sabon falle", "darasin nan falle goma ne".

Baban Ilham: Hajiya, wannan ta zauna. Na janye shafi.

Ɗalibin Nahawu: Falle takarda ce. Ana taɓa ta, ana yaga ta. Yaya za a kira haske a bango falle?

Hajiya Mai Fassara: Kamar yadda aka kira abin da ke cikin waya manhaja, alhali manhaja tsarin karatun makaranta muka san ta. Kamar yadda yanar gizo ta tashi daga kusurwar ɗaki ta koma intanet. Kalma tana ƙaura, ƙanena, in dai kamannin sun yi daidai.

Mai Gyaran Kwamfuta: Na goyi bayan falle. Malama, tunda jagora kike rubutawa, ga abubuwan da suka fi kayar da mutane ranar haskawa, a sa su ko da kalmomin ba su gama daidaituwa ba.

Na farko, girman falle. Google Slides yana buɗewa da 16:9, wato awon faɗi da tsayi, mai faɗi. Tsofaffin majigai da yawa 4:3 ne, sai hoton ya fito da baƙin sarari sama da ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. A tambayi irin majigin tun kafin a fara, a canza a File, sannan Page setup. Idan aka canza bayan an gama aiki, hotuna da akwatunan rubutu suna gocewa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu shi ya fi damuna: haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ. Yawancin salon haruffa na ado, musamman a Canva, wata manhajar zane da ake haɗa fallaye da ita, ba su da su. Abin da ke faruwa, ko dai akwati ya fito a gurbin harafin, ko manhajar ta aro shi daga wani salon, sai ka ga ƙ ɗin "ƙasa" ta fi sauran kauri ko ta karkace. Noto Sans da Andika suna da su duka, kuma ana ƙaro su daga jerin haruffan Google Slides kyauta. Gwajin minti ɗaya ne: a rubuta "ƙwaɓa ɗaya" da ƙananan baƙaƙe da manya a falle na farko kafin a ci gaba.

Na uku, kada a dogara da intanet a zauren taro. Daren jajibiri a sauke aikin iri biyu a filashi, PDF da pptx, wato fayil ɗin PowerPoint. PDF ba ya sauya haruffa a kowace kwamfuta, amma motsi da bidiyo ba sa tafiya da shi. Pptx yana riƙe motsi, amma idan kwamfutar zauren ba ta da salon harafin da aka zaɓa za ta musanya shi, layuka su zube. Bidiyon YouTube da aka saka a falle kuwa ba ya buɗewa sai da intanet, a sauke nasa daban. Cikin wayoyin da ke haɗa kwamfuta da majigi, ta VGA mai shuɗin kai ba ta ɗaukar sauti, HDMI ce ke ɗauka, don haka mai VGA sai ya tanadi lasifika.

Ɗalibin Nahawu: Kun gani? File, Page setup, PDF, filashi, bidiyo. Jagorar Hausa ce wannan ko ta Ingausa? Shi ya sa ake raina harshen nan. Muna da masu magana da shi daga Sudan har Ghana, amma mun kasa ƙera kalma goma.

Malamar Kimiyya: Malam, maɓallan da Turanci suke a gaban malaman. Idan na rubuta wani suna wanda ba shi ne idonsu zai gani a allo ba, na ɓatar da su. Sunan maɓalli zan bar shi yadda yake, bayanin aikinsa ya zo da Hausa.

Tsohon Edita: Kuma ɗana, majigin da kake ta ambata ba tare da ƙyama ba, daga ina ya zo? Daga sunan Turanci na fitilar nuna hotuna ta zamanin Turawa, wadda suke dangantawa da siddabaru. Ya shiga bakin mutane tun lokacin da ake yawo da silima a mota gari-gari ana haskawa a ƙofar fada, yau ba mai jin baƙuntarsa. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ƙira ce mai kyau, an yi shekaru ana faɗarta a rediyo, amma je kasuwa ka ji, kwamfuta ake saye. Ba raini ba ne. Harshen da ke aro ya narkar da abin da ya aro, lafiyayye ne.

Ɗalibin Nahawu: Rediyon ne ma suka ɓata mu. Kowane gida da tasa fassarar, kuma duk abin da Kano ta faɗa shi ne daidai. Wa ya tambayi Sakkwato ko Katsina? A kai maganar Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo masana su yanke, ba a zauna nan a yi ƙuri'a ba.

Ɗan Maraɗi: Mu da ba a tambayarmu ko kaɗan ba mu yi fushi ba. Falle dai muna faɗarta nan, ba ta Kano kaɗai ba ce. Abu ɗaya nake roƙo: a gwajin haruffa a ƙara ƴ, domin mu da ita muke rubutu inda kuke sa 'y, kuma ita ta fi saurin ɓacewa. A waya, Gboard yana da allon rubutu na Hausa, sai a ƙara shi cikin harsuna.

Malamar Kimiyya: Na ƙara. Masana ba za su zauna kafin Alhamis ba, saura kalma uku.

Hajiya Mai Fassara: Tarin gaba ɗaya: fallayen jawabi, in na aji ne fallayen darasi. Tamfilet: zubi. Zubin gini, zubin waƙa, wato ƙirar da aka riga aka tsara, kai dai ka zuba naka a ciki. Launi, salon harafi da mazaunin kanu duk suna cikin zubi, shi ya sa in ka canza shi fallaye duka ke canzawa lokaci ɗaya. Rubutun ƙasa: matashiya.

Baban Ilham: Me ya hana samfuri maimakon zubi? Ya fi sabo a kunne.

Hajiya Mai Fassara: Samfuri ana kallonsa a kwaikwaya. Wannan ba kwaikwayonsa ake yi ba, cikinsa ake shiga a share rubutun a sa nasa.

Mai Gyaran Kwamfuta: In an yi maganar zubi a gargaɗe su kan Canva: duk zubi ko hoton da ke da alamar kambi na masu biya ne, kuma sau da yawa sai an zo saukewa mutum ke ganewa. Matashiya kuma, don ta tsaya a kwamfutar mai magana kaɗai, dole a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi Extend. In aka bar shi a kan Duplicate, abin da malami ke gani shi aji ke gani, har matashiyar. Ctrl da M na ƙara sabon falle, Ctrl da D na kwafin wanda aka zaɓa. Ana cikin haskawa, harafin B yana baƙanta allo in ana son hankalin yara ya dawo kan malami.

Tsohon Edita: Matashiya ta yi. Zubi ban gamsu ba ɗari bisa ɗari, domin masu adashi ma zubi suke yi, amma ba ni da wadda ta fi ta. Abin da ba mu taɓa ba shi ne bambancin yadda falle ke wucewa ya ba wani wuri, da yadda rubutu ke motsi a cikin falle guda. Manhajar ta raba su, mu ma ya kamata mu raba.

Malamar Kimiyya: Na farkon na sa "sauyin falle". Na biyun na bar shi "motsi" kawai, ban ji daɗinsa ba, amma a bitar ma cewa zan yi su rage shi, yana cinye lokacin darasi. Ga abin da zai tafi wurin bugu: falle da fallaye, fallayen darasi, zubi, matashiya, sauyin falle. A karon farko da kowace ta fito zan sa hoton allon da kibiya a kanta. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Ɗalibin Nahawu: Falle ba laifi, tunda dai ba aro ba ce. Amma a nawa rubutun mazami zan ci gaba da sawa. Kuma motsin nan ina da kalmarsa, bari in duba jam'inta tukuna.

Malamar Kimiyya: In ta iso kafin la'asar ɗin Alhamis zan duba ta, Malam.