Me ya sa budurwa ba ta iya ƙin tayin rawa a tsofaffin littattafan soyayyar Ingila?

Mai_Karatu: Salamu alaikum 'yan uwa. A waɗannan littattafai sai ka ga budurwa ta tsani mutum, amma ya nemi su yi rawa ta amince. Dole ce? Kuma me ya sa a wani labarin riga ke sauka santal, a wani kuma ta buɗe kamar laima?

Alƙalami: Wa alaikumus salam. A wancan zamani kusan dole ce. In ta ƙi wani ba tare da ta riga ta yi wa wani alkawari ba, to zama ya kama ta, don tashi da wani daga baya cin fuska ne. Kuma namiji ba ya tunkarar wadda ba a gabatar da shi gare ta ba. A ɗakunan rawa na jama'a, irin na garin Bath, akwai jami'in da wannan ne aikinsa. Rawa bibbiyu ake yi a jere, wajen rabin awa, kuma nan ne kaɗai za su zanta ba kunnen 'yar rakiya. In suka wuce zagaye biyu a dare ɗaya, gari ya ɗauka baiko ya kusa.

Zare_da_Allura: Batun riga kuwa, malama, zamani ne ya bambanta. Tsakanin 1811 da 1820 ana tsuke riga a ƙarƙashin ƙirji ta zubo ƙasa, da gajeren hannu, galibi farin yadin auduga shara-shara, wanda mafi kyansa daga Indiya yake zuwa. Tunda ba wurin aljihu, sai ƙaramar jaka mai zariya. Safar hannu fara ce doguwa har gwiwar hannu, sai an zauna cin abinci ake cire ta. Takalmi marar dunduniya, siriri ƙwarai, rawa kaɗan ya siɗe. Mai kama da laimar ta zo ne a 1856, da aka fara sa kejin ƙarfe a ƙarƙashin siket. Haɗarinta wuta: ta goga murhu ba a sani ba, iskar cikinta ta hura.

Alƙalami: Ƙari kaɗan: wanda ya yi rawar dab da abincin tsakar dare da budurwa, shi zai raka ta teburi ya zauna gefenta. Shi ya sa samari ke rububin wannan zagayen.