Jika 60 na sefa gare ni: katifa ko igiya zan fara saya?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Ni da ƙanena muna hawan duwatsun nan na unguwar Birni a Damagaram da yamma, waɗanda ba su wuce mita 4 ba. Makon jiya ya zame, Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kuje. Jika 60 gare ni. Katifar faɗowa zan saya, hular kwano, ko igiya?

Sani Kabu-kabu: Igiyar rijiya mana. Kasuwar Dole, jika 3, ka riƙe canjinka.

Injiniya: Kul! Igiyar hawa tana miƙewa ta shanye fizgar. Ta rijiya ba ta miƙewa, ƙugunka ne zai sha. Kuma a mita 4 kafin igiya ta kama ka ka kai ƙasa. Katifa ka nema, mai soso mai tauri a sama, mai laushi a ƙasa, da mutum tsaye yana tare maka kai da kafaɗa.

Maman Nana: Ɗana, ka ji tsoron Allah ka bari. Ƙanen maigidana haka ya sayo ƙugiyar ƙarfe ta maƙala igiyar hawa a kasuwa, mai kayan har da rantsuwa wai ta Turawa ce. Ashe ta rataya makulli ce. Ta buɗe yana sama. Ƙafa ta karye wuri biyu, aka kai shi wajen mai ɗori, ta haɗe a karkace. Yau shekara 3 yana ɗingishi, auren da aka sa masa rana ma ya watse. Mai kayan ko sannu.

Injiniya: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ƙugiya ta gaske ana buga mata lambar ƙarfin da take iya jurewa a jiki, 20 kN ko fiye.

Habu: Katifar jika 45 na gani a Facebook.

Laminu: Wace 45? Daga Faransa aka kawo wa abokina, ta haura 150.

Sani Kabu-kabu: Ka ɗauko ta ɗakin amarya, kyauta.

Laminu: Injiniya, kai ka taɓa hawa ko a waya ka karanta?

Injiniya: Shekara 8 ina hawan eriya.

Laminu: Eriya da tsani take. Dutse fa?

Malam Isufu: Hajiya, kada a ɗora wa masu ɗori laifi. Kakana ya ɗora ƙafafu ba adadi.

Maman Nana: Malam, da an ɗauki hoton ƙashin tun farko da ba haka ba. Kuɗin ne babu a ranar.

Habu: Ai nan gizo ke saƙar. Ka je da karaya, takardar magani za a fara miƙo maka.

Ɗan Birni: Jama'a, hular kwanon fa?

Habu: Ni hannuna sai da muka sayar da akuya biyu.